Ƙullin Bakin Rigar Yaya Garba

Tun da na dawo daga ƙasar Girka ban samu na zauna a shagona na sha ruwa cikin kwanciyar hankali ba. Duk wadda ta ratso layin 'yan atamfa a kasuwar Agoè-Assiyéyé ta nan Lomé sai ta leƙo, ta ɗaga turmi ɗaya kamar mai ciniki, ta ajiye, sannan ta ja kujera. "Hajiya Ladi, to yaya can ɗin?" Na ba da labarin nan har muryata ta dushe, kuma na lura kowace takan tafi da guntun da ya yi mata daɗi ta ƙara masa gishiri. Shekaranjiya har na ji wai an tsare ni a filin jirgi an kama ni da asiri a cikin gora. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi tun daga tushe, duk wadda ta sake tambayata in miƙa mata.

Ba yawon buɗe ido na je ba. Wurin yayana na je, Yaya Garba, wanda yawancinku ba ku ma san ina da shi ba.

Mu 'yan tsohon Zongo ne, na cikin gari, tun kafin a tashe mu a kwaso mu nan Agoè. Babanmu malami ne, yana da makaranta a zaurensa. Yaya Garba ne babba, ni ce auta, ya girme ni nesa ba kusa ba. Baba ya so ya gaje shi, shi kuwa idonsa na kan teku. Ya fara da dako a tashar jiragen ruwa, daga nan wani jirgin Girkawa mai ɗaukar auduga ya ɗauke shi aikin kicin. Sai ya yi watanni ba ya nan, rannan kawai ya faɗo gida da warin man jirgi a jikinsa, da alewa a aljihu, da labarai.

Akwai wani tsohon kuku a jirgin da ke ba shi labaran mutanensu na da in suna feraye dankali. Yaya ya juye mana su da Hausa, ya raɗa wa kowa sunan Zongo. Akwai Ɗan Dako, ƙaton da aka ɗora wa sama a wuya aka ce kada ya kuskura ya sauke. Akwai Sarkin Ruwa mai dawakai masu wutsiyar kifi. Akwai Mai Maciji, likitan da ya gwanance har ya fara tada matattu, Sarkin Aradu ya ji haushi ya jefe shi da tsawa. Mu da muka tashi da maƙwabta 'yan ƙabilar Ewe, masu yi wa tsawa yanka da masu kai wa teku turare da farin ƙyalle, ba mu ji wani baƙon abu a ciki ba. Ni na ɗauka ma can bayan garin Aného aka yi su.

Baba ya ce ba a labarin gumaka a gidansa. Don haka sai ya tafi sallar la'asar ya tsaya hira a ƙofar masallaci, Yaya ya tara mu a gindin turmi. Nan kuma wata matsalar ta taso, domin Innarmu ta tabbata cewa duk mai yin tatsuniya da rana ɓata zai yi. Ba ta hana shi ba. Takan taso daga bakin murhu, hannunta da sauran ƙullu, ta kama bakin rigarsa ta ƙulle, ta koma aikinta tana cewa ita dai ta yi nata. Sai Yaya ya dubi ƙullin ya yi dariya ya ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Mu kuma mu ce, "Ta zo mu ji ta." In mutum ɗaya ya yi fushi ya ƙi amsawa, Yaya zai harɗe hannu ya yi shiru, ko za a kwana a nan ba zai fara ba.

Ta ƙarshen da ya yi mana ita ce ta Mai Molo. Wani makaɗi ne maciji ya sari amaryarsa ta mutu. Ya ɗauki molonsa ya bi ta har ƙasar matattu, yana kiɗa yana kuka, har sarkin can ya ji tausayi ya ba shi ita. Amma da sharaɗi: ya wuce gaba, tana biye, kada ya waiwaya sai sun fito hasken rana. Ya yi ta hawa cikin duhu, ya fara hango haske, amma ba ya jin takunta a bayansa. Daidai nan muka ji gyaran muryar Baba a zaure. Yaya ya ɗora yatsa a baki ya ce, "Gobe." Washegari aka aiko cewa jirgi zai tashi da wuri. Ranar da ya yi mana tatsuniyar kuma Inna ta tafi suna, ba wanda ya ƙulle masa riga, kuma har ta koma ga Allah ba ta daina faɗin haka ba.

Jirgin ya sauya hanya, bai ƙara biyowa ta Lomé ba. Yaya ya zauna a Pireya, tashar jiragen ruwan babban birninsu, ya yi aure. Da farko takardu ne suka hana shi zuwa, daga baya iyali, daga baya kuma ina jin kunya ce. Aka rushe gidanmu, Baba ya rasu, Inna ta bi shi. Da waya ta samu yakan kira duk Sallah, kuma ban taɓa barinsa ya ajiye ba sai na ce, "Yaya, Mai Molo fa?" Sai ya ce, "Wannan ba ta waya ba ce, Ladi. Sai na zo." Ɗana Nasiru, mai kantin magani a unguwar Adakpamé, ya taɓa ce mini, "Maman, c'est connu, sananniya ce, duk ɗan sakandare ya san ƙarshenta. In faɗa miki?" Na nuna masa ludayin da ke hannuna na ce ya gwada ya gani. Na yi jikoki ina jiran ƙarshen tatsuniya ɗaya, kuma daga baki ɗaya nake son jin ta.

Sallah biyu suka wuce bai kira ba. Sai ga saƙo daga 'yarsa Safiya, wadda ke aikin jinya kuma tana jin Faransanci. Ta ce cutar mantuwa ta kama shi, Girkancin da ya yi rayuwarsa da shi ya zube masa kaf, ba abin da ya rage a bakinsa sai Hausa, su kuma ba mai ji. Ta ce akwai wata magana da yake ta maimaitawa, in ya faɗa sai ya dube su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya yi hawaye. Ta turo mini muryar. Ina cikin auna wa wata yadi na danna, na ji tsohuwar murya tana rawa: "Ga ta nan, ga ta nanku." Shiru. Can kuma, "Ga ta nan, ga ta nanku." Na ajiye almakashi na yi kuka a gaban mai ciniki, ban ji kunya ba.

Mun gwada ta waya. Na amsa masa da ƙarfi, sai ya firgita ya shiga leƙa ƙarƙashin tebur yana neman mai maganar. Safiya ta ce likita ya gaya musu Hausar ma ba za ta daɗe ba. Na ce to ina zuwa.

Ba zan ɓata muku lokaci da labarin biza ba. Na dai yi ta sintiri har mai gadin ofishin ya fara tambayata lafiyar gwiwata. Da ta fito, na je wurin limamin unguwarmu, wanda ɗalibin Baba ne, ya yi wa Yaya rubutun buɗe ƙwaƙwalwa, aka wanke allo aka cika mini babbar gora. Nasiru ya ce jirgin da zai fi mini sauƙi daga Accra yake tashi, don haka da sassafe ya raka ni iyakar Aflao. Na sha tsallaka iyakar nan da ƙafa in zan saro kaya, amma ban taɓa ratsa ta da akwati irin na masu tafiya Turai ba. Matar duwan, wato kwastan, ta buɗe, warin daddawa ya buge ta, ta rufe da sauri ta ce in wuce Allah ya kiyaye hanya. A motar Accra aka haɗa ni kujera da wata mai kifi busasshe, muka yi ta gasar wari har muka isa, muka rabu muna ƙawaye. Na kwana a unguwar Nima wurin 'yar ƙanwar Inna, wadda ta hana ni barci da saƙonnin gaisuwa ga mutumin da ba ta taɓa gani ba.

Yanzu ga maganar gorar da ake ta yayatawa. Ni a hankalina rubutu ba abin da za a jefa cikin akwati a tura ƙarƙashin jirgi ba ne, ƙila ma a ɗora masa takalman wani. Sai na rungume shi a jakar hannu. A wurin bincike wata yarinya mai kaki ta ciro gorar, ta ɗaga ta sama, ruwa baƙi yana kaɗawa. Ta yi Turanci, na yi Faransancin kasuwa, ba mu haɗu ba. Aka kira wani abokin aikinta, ɗan Zongon Kumasi, yana gani ya gane.

"Hajiya, rubutu ne ko?"

"Rubutu ne, ɗana. Na yayana ne, ba shi da lafiya."

"Allah ya ba shi sauƙi. Amma ruwa mai yawa haka ba ya shiga. Ko ki zuba a kwandon can, ko ki sha."

Na dubi kwandon shara, ga ɓawon ayaba a ciki. Ayar Allah ce fa. Na yi bisimilla na kafa kai, mutane na bayana a layi suna kallo, ban sauke ba sai da na ga gindin gora. Ni da yawan tunawa ya hana sakat, ni ce na shanye maganin mantuwa. Aka kuma ba ni kujerar jikin taga, da wasu ƙarti biyu tsakanina da hanya. Kafin mu sauka Istanbul mu sauya jirgi, sun haddace kalmar pardon saboda yawan ba su haƙurin da nake yi in zan ratsa su zuwa bayi.

A filin jirgin Atina suka karɓe kilishina, wai nama ba ya shiga, suka bar mini daddawa da kuka bayan karensu ya shinshina ya ja da baya. Ina fitowa na ga wata doguwa fara tana waige-waige. Ba ta buƙaci ɗaga takarda ba. Goshin Inna ne, da wushiryar Inna, aka ɗauko aka dasa a fuskar Baturiya. Ta ce, "Tanti?" Na ce mata daga yau Gwaggo za ta riƙa cewa. Ta yi ta gwadawa a mota har muka isa gida.

Gidan bene ne, ɗakuna ƙanana, daga barandar ana hango ƙugiyoyin ɗaga kaya na tasha sak irin namu na nan. Ina jin ba a banza Yaya ya zaɓe shi ba. Matarsa Katina gajeriya ce mai jiki, ta rungume ni ta sumbaci kumatuna biyu tun ban ajiye jaka ba. A kusurwar falo tana da hotunan waliyyansu da 'yar fitila mai ci dare da rana. Amma ta ja ni ɗakin da ta gyara mini, ta nuna mini wata ƙusa a bango, ta ɗaga hannu biyu zuwa kunnuwanta. Alƙibla ce, Yaya ya kafa ta tun suna amare.

Sannan aka kai ni baranda. Yana zaune cikin kujera da bargo a gwiwa, ya rame, gashi fari fat. Na durƙusa na gaishe shi yadda ake gaida babban wa. Ya dube ni da fara'a.

"Sannu da zuwa, baiwar Allah. Daga ina?"

"Daga Zongo, Yaya. Ladi ce."

"Allah sarki, Zongo. Ina da mutane a can."

Ya mayar da idonsa kan teku. Na yi tsammanin haka, Safiya ta gargaɗe ni, amma duk da haka sai da abin ya yi mini ciwo. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne, tun kafin in iso ya daina faɗin maganar nan. Ya gaji da kira ba amsa. Da na ga shirun ya yi yawa, wata rana ni na fara, na ce masa, "Ga ta nan, ga ta nanku." Ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Hajiya, da girmanki?"

Zama da Katina ya so ya fara da rigima. Da safe na nuna mata tsintsiya, ina nufin in taya ta shara. Sai ta ɗaga haɓa sama, ta ɗaga gira, ta yi mini tsaki. Ni, a gidan yayana. Na shige ɗaki na zauna ina huci, ina shirya maganganun da ba ta da kunnen jin su. Da Safiya ta dawo ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce haka suke cewa a'a, uwarta cewa take baƙo ba ya shara. Bayan nan na ga Katina ta gyara wa Yaya hula, ta ce ya yi kyau, sai ta yi masa tofi sau uku a gefen fuska don kada baki ya kama shi. Na ce ashe dai gida na zo. Abincinsu kuwa komai sai an yi masa wanka da man zaitun, barkono kuma kamar an hana su gado. Abin da ya fi ba ni takaici kuɓewa ce. Suna da ita, mai kyau, amma sai su jiƙa ta da ruwan tsami don kashe yauƙin, su dafa ta guda-guda. Ran da na karɓi kicin na yi tuwo da miyar kuɓewa ta gaskiya, Katina ta ga miya tana bin ludayi, ta yi alamar gicciye. Yaya kuwa ya ture cokali ya sa hannu, ya gutsura, ya yi rami da babban yatsa, ya share kwano. Ya ce Allah ya yi wa mai abincin nan albarka, a gaya mata ta riƙa kawowa. Hannunsa ya san ni, shi bai san ni ba.

Na bi su asibiti ranar ganin likita. A ƙofa na ga sanda da maciji ya nannaɗe ta, irin wanda ke jikin allon kantin Nasiru, wanda na sha yi masa faɗa a kai ina cewa wane irin talla ne wannan. Safiya ta ce alamar wani likita ce a labaran kakanninsu, wanda tsawa ta kashe. Na tsaya cak. Mai Maciji ne. Shekara da shekaru ina wucewa ƙarƙashinsa a Adakpamé ban gane shi ba. A ciki likitar ta haska hoton kan Yaya, ta nuna wani ɗan abu lanƙwasasshe can tsakiya, ta ce nan ne ma'ajiyar abin da mutum ya gani ya ji, kuma nasa ya tsotse. Safiya tana fassara mini, ta ce sunan wurin a likitance dokin teku, sunan dawakan nan masu wutsiyar kifi. Na ce na san su, na Sarkin Ruwa ne. Da likitar ta ga ina murza wuya, ta taɓa ƙeyata ta ce ƙashin farko da ke ɗauke da kai sunansa Atlas, sunan ƙaton da ke ɗauke da sama. Na ce a gaya mata ni da Ɗan Dako mun daɗe da sanin juna, kafin in samu shago a kaina nake yawo da atamfa. Safiya ta ce ba jiki kaɗai ba, taurari da jiragen da ake harbawa sama da rabin jiragen ruwan da ke tashar duk sunayen mutanen nan suke ɗauke da su. Na yi ta mamaki a hanyar gida. Abin da muke ji a ɓoye a gindin turmi muna kasa kunne ga takun Baba, ashe shi manyan likitoci ke rantsuwa a kansa.

Da Safiya ta ga kullum ina zaune a baranda ina kallon bakin ubanta, ta ce sai ta fitar da ni. Ta kai ni gidan da suke ajiye gumakan. Na shiga da a'uzubillahi. Mazan duk tsirara, manya-manya da gemu, a ce duk arzikin ƙasar nan an rasa mai saya musu yadi biyu. Na riƙa kallon ƙafafunsu kawai. Amma matan, jama'a, sai da na manta da kaina. Dutse ne, amma an yi masa ninki da tattara har ka rantse iska za ta ɗaga shi. Na kai hannu zan ji laushin yadin, wani mai gadi ya daka mini tsawa. Na tambayi Safiya ko akwai Mai Molo a nan. Ta ce akwai, a ɗaki na gaba, shi da matarsa, an sassaƙa su daidai lokacin da... Na toshe mata baki da tafin hannuna, na ce mu tafi gida.

Ranar komawata ta matso, ban samu komai ba. Na fara haɗa kaya ina gaya wa kaina cewa ai na ga fuskarsa, na ciyar da shi, ya isa. Ƙarya nake yi, bai isa ba.

Ana jibi zan tafi, bayan na idar da la'asar, na fito baranda na same shi rigarsa ta tattare a baya. Katina na guga a falo, don ita ko tsumman kicin sai ta goge. Na sunkuya ina ja masa rigar. Ban shirya ba, ban yi tunani ba. Rana ce ta yi irin launin nan na tsakar gidanmu, hannuna ya kama bakin rigar ya murɗa ya ƙulle, irin ƙullin Inna, mai kunne ɗaya. Na koma na zauna a ƙasa.

Ya sunkuyar da kai ya daɗe yana kallon ƙullin. Ya taɓa shi da yatsa. Sai ya yi wata 'yar dariya da na rabu da ji tun ina yarinya.

"Ga ta nan, ga ta nanku."

"Ta zo mu ji ta," na ce.

Bai fara ba. Ya harɗe hannu, ya juya ya kafa wa Katina ido, wadda ta taso ta tsaya a bakin ƙofa da dutsen guga a hannu. Na gane. Na yafuto ta, na faɗa mata a hankali, kalma bayan kalma. Ta maimaita, ta karya ta yadda Inna da ta ji da ta kama baki. Amma ya karɓa. Ya gyara zama.

Ta Mai Molo ya ɗauko, tun daga farko. Mutumin da bai san sunan matarsa ba, bai san ko ya ci abinci ba, bai tsallake ko gaɓa ɗaya ba. Macijin, kukan, karen da ke gadin ƙofa ya ji kiɗa ya kwanta, sarkin matattu da sharaɗinsa. Yana yi yana kaɗa yatsu a kan bargo. Katina ba ta jin ko kalma, amma hawaye na zuba, domin ta daɗe ba ta ji ya yi magana mai tsawo haka ba. Ya kawo wurin hawan, ga haske can gaba, ba a jin taku a baya. Sai ya yi shiru.

Na jira. Idonsa ya tafi wajen ƙofa. Na ce a raina shi ke nan, zaren ya tsinke, a nan aka rubuta za ta tsaya mini. Sai ya sunkuyo ya rage murya.

"Ladi, leƙa ki gani. Baba ne ya dawo?"

Na tashi na je bakin ƙofa, na leƙa falon Katina, na dawo na zauna.

"Ba shi ba ne, Yaya. Yana masallaci. Ƙarasa."

"To. Yana kaiwa bakin kogon, saura taku kaɗan, zuciyarsa ta ce masa, anya ba yaudararka aka yi ba? Sai ya waiwaya. Ga ta kuwa a bayansa, tana ɗingishi saboda saran macijin, shi ya sa ba ya jin ta. Ya gan ta sarai, har da lallen ƙafarta. Ta miƙo hannu, ya miƙa, sai duhu ya janye ta. Ƙurunƙus."

Sai na ji haushi ya taso mini, haushin 'yar auta, kamar ban taɓa tsufa ba.

"Haba Yaya. Wannan ce na jira? Duk wahalar nan ya tashi a banza?"

"Wace banza?" ya ce. "Ai ya gan ta."

Ya jingina ya lumshe ido. Da ya farka wajen magariba, ya gaishe ni da ladabi ya tambaye ni daga ina.

Sauran lokacin na ƙarar da shi ina koya wa Katina da Safiya abu biyu, amsar da ƙullin. Na roƙi Katina kada ta kwance shi in za ta yi guga. Ta ɗaga haɓa ta yi mini tsakin nan nasu, wato ba za ta kwance ba. Yanzu Safiya takan turo mini murya wani lokaci. Tatsuniyoyin suna gajarcewa, wata ma daga farawa take tsayawa, amma ana amsa masa.

Masu tambayar tsaraba, ku yi haƙuri, man zaitun ɗin ya ƙare. Masu tambaya ko zan koma, ban sani ba, kuma ko na koma ba lallai in tarar da ko Hausar ba.

Ranar tafiyata na durƙusa na yi masa sallama, ya sa mini albarka irin wadda ake sa wa baƙuwa mai kirki. Safiya ta ɗauki akwatina, ta riƙe hannuna a bakin ƙofa ta ce, "Gwaggo, mu tafi kawai, kar ki juya, zai fi miki sauƙi." Na ce to. Na taka matakala biyu, na waiwaya. Yana zaune a baranda, tasha na bayansa, kansa a sunkuye yana wasa da ƙullin rigarsa. Bai ɗago ba. Amma ni na gan shi.